Yadda za ka yi aikin gida na lissafi ba tare da alamar ragi ta kayar da kai ba

Yaran da nake yi wa darasin yamma a Bukoki, nan Yamai, yawancinsu ƴan 4e da 3e ne, azuzuwan ƙarshe na kwaleji, masu shirin BEPC, jarrabawar kammala kwaleji. Sun haddace ƙa'idoji, amma gaggawa da alamar ragi ke cinye musu maki. A kan wannan zan fi tsayawa.

Da farko ka ware kaye guda, wato littafin rubutu, na gwaji, dabam da wanda za ka miƙa wa mushe, malamin ajinku. Ba sai sabo ba, ragowar shafukan na bara sun isa. Ka kwafe tambayar, ka sake duba ta da abin da ke cikin littafi, don sau da yawa tun nan 3 ke komawa 8.

Mu ɗauki wannan: 5 − 2(x − 3) = 3x + 1.

Kada ka ce 5 a cire 2 saura 3. Wannan 2 ɗin a ɗaure yake da abin da ke cikin baka, wato (x − 3), kuma ninkawa ke gaba da ragi. Buɗe baka za ka fara yi, kuma −2 ne zai ninka kowane abu a ciki, ba 2 ba. To −2 sau x ya ba da −2x, −2 sau −3 kuma ya ba da +6. Nan ne yara ke faɗuwa: su rubuta −6, su ci gaba da aiki mai tsabta har ƙasan shafi, su fito da x = −2/5. Ni doka ce a wurina, duk wanda ya ga ragi gaban baka ya zagaye shi da jan bik kafin ya taɓa komai.

Yanzu muna da 11 − 2x = 3x + 1. An saba cewa lamba in ta tsallake alamar daidai sai ta canja alama. Ban son wannan magana, domin babu abin da ke tsallakewa. Sikeli ne irin na mai awo a kasuwar Wadata, abin da ka ɗora wa hannu ɗaya sai ka ɗora wa ɗayan. Ƙara 2x dama da hagu: 11 = 5x + 1. Cire 1 dama da hagu: 10 = 5x. Yaron da ya saba da tsallakewa a nan zai rubuta x = 10 − 5, ko ya raba 10 da −5, wai ai 5 ta canja wuri. Alhali 5 ninka x take yi, rabawa ce kawai ke kwance ta. Raba kowane ɓangare da 5, x = 2. Layi ɗaya aiki ɗaya, ko da takarda za ta ƙare.

Sannan ka mayar da amsar cikin tambayar asali, ba layin da ka rubuta daga baya ba. Hagu: 2 − 3 ya ba da −1, sau −2 ya zama +2, a tara da 5, ya zama 7. Dama: 6 da 1, shi ma 7. In ba su zo ɗaya ba, koma inda ka buɗe baka, kusan kullum a can ɓarnar take. Manhajar salula irin Photomath tana iya duba maka amsa bayan ka gama, amma ba a shiga ɗakin jarrabawa da salula, don haka kada hannunka ya saba.

In tambayar ta kuɗi ce, ka lura a faran aka rubuta ta, mu kuwa da dala muke ƙirga a ka. Dala ashirin 100 ne a takarda. Ka tsaya kan faran har ƙarshe.

A ɓangaren zane, ka zana siffar da fensir, babba, ka rubuta kowane tsawo da aka ba ka a jikinta. Kompa mai sako-sako ɓata lokaci ne, ka ɗaure sukurunsa ko ka ari na wani. Kafin ka kira Pitagor, wato ƙa'idar da ke haɗa tsawon gefuna uku na alwatika mai kusurwar digiri 90, rubuta cewa alwatikar tana da kusurwa mai digiri 90, ka faɗi a wane harafi take, domin wannan bayanin ma yana da makinsa. Gefen da ke fuskantar kusurwar shi ne mafi tsawo. In an ba ka shi 13, wani gefen 5, ragi za ka yi: 13 sau 13 ya ba da 169, 5 sau 5 ya ba da 25, 169 − 25 = 144, amsa 12, don 12 sau 12 ne 144. Wanda ya tara zai sami gefen da ya zarce 13, abin da ba ya yiwuwa. Tales, wato ƙa'idar kason tsawo a alwatika, ita ma haka, sai ka nuna layukan biyu paralel ne, wato ba sa haɗuwa, kafin ka jera kason tsawonsu, kuma kada ka dogara da yadda ido ya gan su a zane. Ka sa cm a bayan amsa, ka kwafe cikin kayen mushe da bik.