Yadda Ake Gane Irin Jirgin Da Ka Gani A Sama Ko A Hoto

Fenti ne ke fara jan ido, kuma shi ya fi ruɗar mutum. Kamfanoni kan ɗauko hayar jirage, musamman lokacin jigilar alhazai, sai ka ga jirgi fari fat babu ko suna. Don haka ka bar launi sai daga baya.

Da farko ka ƙirga injuna, ka lura da inda aka maƙala su. Idan huɗu ne kuma gaban jirgin ya yi tozo kamar na bijimi, Boeing 747 ke nan, wanda ya fara tashi a 1969, kuma mutanen Kano sun saba ganinsa yana kwasar maniyyata. Idan layin tagogi biyu ne tun daga hanci har wutsiya, Airbus A380 ne. Ƙaramin jirgin da injunansa biyu ke can baya kusa da wutsiya, galibi CRJ ne ko Embraer 145.

Sai ka duba ko farfela gare shi. Farfela biyu da fukafukai a saman jiki, ATR 72 ne ko Dash 8 Q400. Tayoyin Q400 daga ƙarƙashin inji suke saukowa da dogayen ƙafafu, na ATR kuwa daga cikin jirgin. Farfela huɗu da ƙaton ciki, mai yiwuwa C-130 ne na dakon sojoji. Ƙarami mai farfela ɗaya a hanci da fentin soja zai iya zama Super Tucano, irin guda 12 da Najeriya ta karɓa a 2021.

Inda aikin yake shi ne masu inji biyu a ƙarƙashin fiffike, domin su suka cika sama. Nan sai an natsu. Hancin Boeing 737 ya fi tsini, kuma a tsofaffin samfurori bakin injin ba cikakken da'ira ba ne, ƙasansa a ɗan baje yake. Airbus A320 hancinsa dunƙulalle ne. A manyan kuwa tayoyi sun fi komai faɗin gaskiya: kowace babbar ƙafar Boeing 777 taya shida ce, ta A330 huɗu. Baƙin zane kewaye da gilashin matuƙa alamar A350 ce, amma wasu sababbin jiragen Airbus ma sun ɗauke ta, kada ka tsaya a kanta kaɗai.

Idan hoto ne a hannunka, ka faɗaɗa shi ka nemi lambar rajista a jikin jirgin wajen wutsiya. Ni a wurina ita ce hujjar da ba a musu da ita. Haruffan farko na nuna ƙasa: 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Ghana, TT Chadi, HZ Saudiyya, N Amurka. Rubuta lambar a intanet, samfurin jirgin da mai shi za su fito.

Wanda ke wucewa a kanka yanzu kuwa, buɗe manhajar Flightradar24, za ka ga inda ya fito da inda ya nufa. Jiragen yaƙi sau da yawa ba sa bayyana a ciki. Kuma kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto kusa da sansanin soja, domin jami'an tsaro ba sa wasa da hakan.