Mai tumbi, ga yadda za ka yi kafin ka yarda da sakamakon gwajin PSA ɗinka

Maza 'yan'uwa dan Allah ku saurara, musamman waɗanda suka haura 45 kuma jiki ya ajiye. PSA wani sinadari ne da furostet ke fitarwa, wato ɗan ƙullin nan mai girman goro da ke ƙasan mafitsara, ana auna shi a jini, kuma likitoci sun saba ɗaukar maki 4 a matsayin iyaka, in ya wuce sai a ƙara bincike ko akwai kansa. To matsalar ita ce mai ƙiba nasa yana iya fitowa ƙasa alhali ba lafiya ba ce.

Dalilin ba wuya, je ka wajen mai shayi ka sa suga cokali ɗaya a ƙaramin kofi, ka sa cokali ɗaya a babban jug, sugan ai ɗaya ne amma na jug ɗin ba za ka ji zaƙinsa sosai ba, haka jinin mai ƙiba yake, ya fi yawa, sai sinadarin ya tsarma a ciki. Wani bincike da masana na jami'ar Duke ta Amurka suka jagoranta, aka buga a mujallar JAMA a 2007, ya duba maza sama da 13,000 ya tarar masu ƙiba sosai nasu ya yi ƙasa da kashi 11 zuwa 21 cikin ɗari. Ga kuma sinadarin mazakuta da ke raguwa in kitse ya yi yawa, shi ma ana zaton yana sa PSA ya yi ƙasa. Abin da ke damuna kenan wallahi, mutum ya ga 3.5 ya ce alhamdulillahi ya ninke takarda ya sa a aljihu, shikenan ba zai koma ba, alhali kansar furostet ta fi zuwa wa masu ƙiba da zafi, mu baƙar fata kuma dama mun fi shiga haɗarinta.

Saboda haka kafin ka je leb ka hau sikeli tukuna. Raba kilonka da tsayinka a mita sau kansa, misali kilo 100 da tsayi 1.7 zai ba ka kusan 35, in ya kai 30 to kana cikin masu ƙiba. Auna ƙugunka ma daidai cibiya, in ya wuce inci 40 ka rubuta. Wannan lissafin ka kai wa likita tare da sakamakon, kar ka fassara da kanka, kar kuma ka bar mai kemis ya fassara maka.

Kwana biyu kafin a ɗibi jinin ka haƙura da iyali, ka bar keke da motsa jiki mai tsanani, don su ɗaga lambar suke yi. In ka yi ciwon sanyin fitsari jira wajen sati shida bayan ka warke. In kana shan finasteride ko dutasteride, magungunan kumburin furostet, lallai ka faɗa wa likita, suna rage PSA kusan rabi.

Sannan ka adana duk takardun gwajinka da kilonka na ranar a rubuce a jiki, don yadda lambar ke hawa daga bara zuwa bana shi ma likita yana dubawa, in kuma ka rage ƙiba tana iya ɗan motsawa sama, kar hankalinka ya tashi, nuna masa kawai. In babanka ko yayanka ya taɓa yin cutar, faɗa masa tun a zaman farko.