Yadda za ka yi amfani da ɗan tallafin jami'a ka zaunar da ɗaliban lafiya a aji ɗaya

Na daɗe ina koyarwa a sashen jinya, kuma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya bai wuce wannan ba: ɗalibin likitanci da ɗalibar ungozoma da mai karatun harhaɗa magunguna suna shiga ƙofar asibitin koyarwa ɗaya kullum, amma ba a taɓa zaunar da su aji ɗaya ba. Sai ranar da aka damƙa musu majinyaci, a fara "ai ni ne likita". Wanda ya ga yajin aikin JOHESU (haɗakar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba) na 2018, da ya tsayar da asibitocin tarayya makonni, ya san inda wannan tsamin ke kaiwa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari kan haɗa ɗaliban fannoni biyu ko fiye su koya tare, daga juna, kuma game da juna. A wajenmu har yanzu magana ce ta taro.

Kuɗin da nake nufi ba mai yawa ba ne. Akwai tallafin bincike na cikin gida da TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ke bayarwa ta hannun jami'o'i, wanda lokacin da na nema bai wuce naira miliyan 2 ba. Wasu jami'o'in kuma suna da nasu ɗan asusun bincike.

Kafin ka rubuta komai, nemo abokin aiki daga wani sashe, sunansa ya zauna kusa da naka a takardar nema. Idan daga sashenku kaɗai ta fito, sauran za su ɗauke ta hidimar gidan wani. Sannan ku je wajen shugabannin sassan da ƙafarku. Ba albarka kuke nema ba, awa biyu kuke nema a jadawali, a rubuce, da sa hannu. Nan ne wahalar take. 'Yan likitanci suna zagayen ɗakunan majinyata da safe, 'yan magunguna suna ɗakin gwaji da rana, kuma zangon karatunsu ma ba ya tafiya tare. Mu dai yammacin Laraba muka samu, bayan zarya ta wata guda.

Karon farko na yi wauta. Na kama zaure, na buga kyalle mai sunan taro, na gayyato babban baƙo, aka raba lemo da nama. Ɗaliban suka zauna rukuni-rukuni, kowa da 'yan ajinsu, aka tafa, aka watse. Kuɗi ya tafi.

Karo na biyu sai muka ɗauki majinyaciya ɗaya tak a takarda: mai ciki wata takwas da aka kawo tana jijjiga. Muka raba ɗaliban shida-shida, kowane rukuni da ɗan kowane fanni. Jijjiga ta dace da wannan aiki domin ba mai iya ta shi kaɗai. Ɗan likitanci zai ce a ba da magnesium sulphate, giram 4 ta jijiya, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu. Ɗan magunguna zai tambaya: wane ƙarfi ne a kwalbar, yaya za a sirka na jijiyar, kuma ina calcium gluconate idan maganin ya yi mata yawa? Ungozoma ce za ta tsaya a kanta tana ƙirga numfashi, tana buga gwiwa ta ga ko ƙafar za ta motsa, tana auna fitsari, ita ce kuma za ta ce a dakata da allura ta gaba. Mai gwaje-gwaje ya kawo sakamakon fitsari da na ƙoda. Ranar na ga wani ɗan likitanci na aji biyar ya yi shiru, ya juya ya tambayi ɗalibar ungozoma yadda ake buga gwiwar daidai.

Ga inda kuɗin ya kamata ya tafi: ɗan hasafi ga wadda za ta fito a matsayin majinyaciyar (mun samu wata ungozoma mai ritaya, ta fi kowa iya wasan), kuɗin mota ga malaman da za su kula da rukunoni, buga takardu, sirinji da kwalaben gwaji, da ruwan sha. Malaman nan ku horar da su tukuna, don wani da ya shiga sai ya mai da zaman lacca, ya riƙa kiran 'yan sashensu kaɗai.

Tunda tallafin na bincike ne, sai da awo. Akwai takardar tambayoyi mai suna RIPLS, guda 19, da ke auna shirin ɗalibi na koyo tare da 'yan wasu fannoni, ana cikewa kafin zama da bayansa. Ni ban cika yarda da ita kaɗai ba, ɗalibi ya san amsar da malam ke so. Ku haɗa da sauraron yadda suke miƙa wa juna bayanin majinyaci. Takardar kwamitin ɗa'ar bincike kuwa ku nema da wuri, tana jan lokaci.

Ku ajiye kowane rasidi, har na ruwan leda, don ofishin kuɗi ba ya jin labari. Kafin kuɗin ya ƙare, ku kai rahoton gaban taron tsangaya, ku roƙi a saka zaman cikin kwas ɗin da yake akwai, a ba shi maki ko da biyar ne. Namu ya shiga kwas ɗin kula da masu ciki, kuma yanzu abin da yake ci a zango bai wuce kuɗin takarda da na motar Hajiya ungozoma ba.