Yadda ake yi wa firam ɗin madubi na gwanjo fenti hawa-hawa ya fito kamar na kaka da kakanni

Firam mai sassaƙar fulawa da ganye, irin wanda ake samu wajen 'yan gwanjo ko a hannun dillalai, shi ya fi karɓar wannan aiki. Wanda yake sumul babu zane, kada ki ɓata fentinki a kansa. Kafin ki biya, juya bayansa ki duba, don da yawa roba ce aka shafa wa ruwan gwal. Ita ma tana yi, amma kada a sayar miki da ita a kuɗin katako.

Cire madubin ki ajiye gefe. Wanke firam ɗin da ruwan omo da tsohon buroshin haƙori, ki bi kowane lungu. In ya bushe, ki kashe ƙyallin tsohon fentin da sanfefa mai laushi, domin fentin ruwa ba ya kama fentin mai. Jiƙa sanfefar, kuma ki yi aikin a waje, nesa da yara. Tsohon fenti kan ƙunshi dalma, ko Amurka sai a 1978 ta hana ta a fentin gidaje, ƙurarta kuwa guba ce.

Hawa na farko ya zama mai duhu, ruwan ƙasa ko baƙi. Akwai fentin alli da wata mai zane, Annie Sloan, ta fito da shi a Ingila a 1990, yana da kyau amma da tsada. A maimakonsa, garin POP, farar hodar nan da ake yin silin da ita, ludayi ɗaya, a dama da ɗan ruwa, a zuba cikin fentin bango ludayi uku, zai yi miki aikin. Ki riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, yana saurin daskarewa.

Da ya bushe, goga kyandir a gefuna da kan fulawoyin, sannan ki ɗora launi mai haske, ruwan madara ko toka-toka. Fari tas ba ya yi, yana tona asirin sabunta. Shafi biyu marasa kauri, kada fenti ya kwanta cikin sassaƙar ya cike zanen.

To, a nan masu koyo suke faɗuwa. Na sha ganin an ɗauki sanfefa an bi firam ko'ina babu zaɓe, ya fito kamar kaji sun yi tono a kai. Ki nemi tsohon kaya na gaske ki ƙare masa kallo. Fenti yana suɗewa ne inda hannu da tsumma suke yawan taɓawa, wato kusurwa, baki, da tsinin fure. Inda ba sa kaiwa kuwa, can datti yake taruwa. Saboda haka tudu kaɗai za ki goga, a hankali. Inda kika sa kyandir, fentin sama zai saki da kansa, duhun ƙasa ya leƙo. Goga kaɗan, ja da baya ki duba daga bakin ƙofa. Kada hagu da dama su zama iri ɗaya. Da zarar zuciyarki ta ce a ɗan ƙara, ki ajiye sanfefar.

Sai ki bar shi ya kwana, wannan dole ne. Washegari ki tsinka fenti ruwan ƙasa, kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu, ki cusa shi a ramuka da ƙaramin buroshi, nan take ki share tudun da ɗanyen tsumma. Faɗin tafin hannu za ki riƙa yi, ba duka lokaci guda ba, musamman da hunturu, don kafin ki juyo ya bushe ya bar tabo. Mai gaggawar da ba ta bari ya kwana ba, ruwan nan zai kwashe mata shafin launi mai hasken gaba ɗaya.

Gwal ɗan kaɗan ake so. Tsoma bakin buroshi a fentin gwal, goge a kwali har ya kusa bushewa, ki shafa sama-sama a kan fulawoyin. Ki rufe da man katako na ruwa marar ƙyalli, saboda na mai yana mayar da launi mai haske rawaya. Bayan kwana biyu ki mayar da madubin.