Idan ɗanki mai galahanga ya toshe kunne ya fara ihu

Yaron da ke da galahanga, wato autism, yakan ji duniya da ƙarfi fiye da yadda muke jin ta. Ƙarar injin markaɗen maƙwabta, wadda ni ko lura ba na yi, ɗana mai shekara 7 har cikin ƙashinsa yake jin ta. Wani yaron kuma akasin haka ne, jikinsa bai cika ƙoshi da motsi ba, shi ya sa za ki ga yana ta tsalle, yana tauna wuyan riga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da wannan lalura. Ba aljanu ba ne, ba allurar rigakafi ta jawo ba, ba kuma sangarta ba ce. Haka ƙwaƙwalwarsa ta ginu.

Ki fara da biro da takarda. Duk sanda ya birkice, rubuta abin da ke faruwa kafin nan: an tada janareta ne, an kunna turaren wuta, baƙi ne suka cika falo, ko yunwa ce da zafin rana? Cikin 'yan makonni za ki ga abu ɗaya ko biyu suna ta maimaita kansu. A gidanmu ƙara ce da tufafi. Sabuwar shadda mai sitati azaba ce a fatarsa, don haka ko ranar Sallah sai na wanke ta ta yi laushi, na sa masa singileti na auduga a ciki, na yanke ɗan ƙyallen da ake liƙawa a bayan wuya. Aski kuwa da almakashi muke yi a tsakar gida, saboda kukan injin aski kusa da kunnensa ya fi ƙarfinsa.

Ki ware masa wuri. Ba sai ɗaki guda ba, lungu ma ya isa: tabarma, filo biyu, labule mai kauri da zai rage haske, da abin da yake son riƙewa. Kada ki taɓa tura shi can a matsayin horo, domin ranar da ya ɗauke shi kurkuku, ya daina gudu can neman sauƙi.

Inda iyaye suka fi wahala shi ne lokacin da abin ya riga ya ɓarke. Yaron da ke rigima don a saya masa alawa yana satar kallonki, da ya samu kuma ya yi shiru. Wanda jikinsa ya cika ya batse ba ya ma ganin ki, ko kin ba shi abin da yake so ba zai tsaya ba. A nan duka da tsawa ƙarin wuta ne. Ki kashe rediyo, ki rage haske, ki sallami 'yan kallo, ki kawar da duk abin da zai ji masa ciwo. Ki rage magana sosai. "Ina nan" ta wadatar. Wasu yaran runguma mai ƙarfi tana kwantar musu da jiki, amma shafa a hankali tana ƙara tada su. Wasu kuwa ba sa son taɓawa sam. Ki gwada lokacin da yake cikin natsuwa don ki san nasa. Bayan ya sauka ki ba shi ruwa, ki bar nasiha sai an jima.

Kaɗa hannu da jijjiga jiki da yake yi, in dai ba ya cutar da kansa, ki ƙyale shi. Da su yake sauke nauyin da ke kansa. Na san idon mutane yana da zafi a gidan biki, amma hana shi yakan kai ga ihun da ake gudu.

Canji na ba-zata ma yana gigita su. Ina liƙa hotuna a bango bi da bi: wanka, karin kumallo, makaranta, Islamiyya, barci. Kafin mu fita nakan ce masa, "Saura minti biyar, sai takalmi." In biki za mu, ina tafiya da abin toshe kunne, mu zauna nesa da lasifika, mu tashi da wuri.

Kakarsa takan ce, "Ke kika lalata shi." Ba na musu da ita. Nakan ce, "Hajiya, kunnensa ne ke masa zafi, ki taya ni rage ƙarar talabijin." In aka ba babba aikin yi, ya fi saurin shigowa cikin lamarin.

Idan yana buga kansa da bango, ko barci ya ƙaurace masa, ko abincin da yake ci ya ragu zuwa kala biyu ko uku, ki kai shi wurin likitan yara. Akwai sashen yara a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware. Ki tafi da takardar nan da kika rubuta, ki kuma roƙi a duba haƙoransa da kunnensa da cikinsa, domin yaron da ba ya iya cewa "nan ke ciwo" sau da yawa da ihu yake faɗa.