Yadda za a ɓamɓare ƙwayar olsa daga ciki

Shekarata tara ina aiki a ɗakin gwaji a nan Jos, kuma da wuya gari ya waye ba a zo mini da kukan olsa ba. Yayata ma shekara uku ta yi tana fama. Kullum kwalbar farin maganin ruwan nan na cikin jakarta, ta bar yaji, ta bar kunun tsamiya, watan azumi ya zame mata abin fargaba. Da na matsa mata muka yi gwaji, sai ga Helicobacter pylori, ƙwayar da Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya a 1982, har ta kai su ga lambar Nobel a 2005.

Ka fara sanin irin riƙon da take yi, don shi ne tushen komai. Asid ɗin ciki yana hallaka yawancin ƙwayoyin cuta, ita kuwa sai ta fitar da sinadarin urease, ta samar da amoniya da ke kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita, ta kutsa cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon ciki. A can take maƙalewa kamar ƙaska a kunnen saniya. Tana da furotin mai suna BabA da ke cafke wani sukari, Lewis b, dangin alamomin rukunin jini. In wurin ya kumbura, bangon ya fito da wani sukarin daban, sai wani furotin nata, SabA, ya kama shi, wato ciwon da ta jawo shi ke ƙara mata wurin riƙo. Furotin nata na uku kuma, HopQ, yana damƙe furotin ɗinmu da ake kira CEACAM, wanda ke taimaka mata ta tsira wa ƙwayar halittar ciki dafin CagA kamar allura. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne BabA: in asid ya yi yawa sai ya saki, ƙwayar ta koma inda ya fi sauƙi, ta sake kamawa.

Shi ya sa na ce wa Yaya, farin maganin nan zafi kawai yake kwantarwa, ƙaskar tana nan daram.

To, ka nemi gwajin bayan gida ko na numfashi. Gwajin jini ya fi araha, amma ba ya bambance ƙwayar da ke nan da wadda ta mutu tuntuni. Kafin ka zo, da sanin likita, ka ajiye maganin rage asid, wato omeprazole da danginsa, mako 2, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4. Mutane da yawa suna shan omeprazole da asuba su kawo mana samfur da hantsi, sakamako ya nuna ba komai, su tafi suna murna alhali ƙwayar laɓewa ta yi. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

In an same ta, likita ne zai haɗa maka magani, ba mai kemis ba. Yawanci maganin kashe ƙwaya iri biyu ne da mai rage asid, wani lokaci har da wani maganin ciki mai suna bismuth, na kwana 14. Baki zai yi ɗaci, ciki na iya ɓaci. Rana ta biyar Yaya ta kira ni, "Ƙanina, na ji sauƙi, in bari haka?" Na ce, "Don Allah Yaya, ki ƙarasa." Waɗanda suka tsira daga rabin magani su ne masu taurin kai, kuma su za su sake cika cikin. Ka kuma nisanci magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, su kaɗai ma suna haƙa gyambo.

Bayan mako 4 da gamawa ka sake gwaji, don jin sauƙi ba shaida ba ce. Tun 1994 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa ƙwayar nan cikin masu jawo kansar ciki. In kuwa ka ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko rama ba dalili, kar ka tsaya jiran wani gwaji, ka wuce asibiti a ranar, ko da na koyarwa da ke Lamingo ne.

Gwajin Yaya na biyu ya fito tas. Bana ta kai azumi har ƙarshe, kuma da kunun tsamiya ta riƙa buɗa baki.