Kada a matse amarya wajen rage girman bidiyo

Salamu alaikum 'yan uwa masu tace bidiyo. Jiya ƙanena ya kawo min aikin wani biki da ya ɗauka a Unguwar Rogo, nan Jos. Ya rage girmansa don ya tura ta WhatsApp, sai ga amarya ta zama siririya kamar sanda, kan ango ya yi tsini. Da na duba, ya ɗauka a 1920x1080 (faɗi da tsawon hoton ke nan), ya fitar a 640x480. Na farkon 16:9 ne, wato faɗi kashi 16 tsawo kashi 9, na biyun 4:3, shi ya sa manhajar ta matse hoton.

In za ka rage, faɗi da tsawo su sauka tare. In bidiyon 16:9 ne, raba faɗin gida 16, ka ninka sau 9, tsawon ke nan: 1280 ya ba ka 720, 640 ya ba ka 360. Ni 1280x720 nake so, yana fita tas a waya kuma bai cika cin data ba.

A manhajar tace bidiyo ta Premiere akwai alamar sarƙa kusa da lambobin faɗi da tsawo, kulle ta kafin ka taɓa komai don su sauka tare. Ka zaɓi Scale to Fit, wanda ke rage hoton ba tare da canja siffarsa ba, kada ka kuskura ka danna Stretch to Fill, shi ne ke matse hoto ko ya miƙe shi. Sannan ka fara fitar da daƙiƙa 10 kawai, ka kalla a wayarka tukuna.